Layin da Ban Nuna wa Kakanku Ba

Na san abin da aka faɗa muku game da ni da kakanku Malam Lawali, Allah ya jiƙansa. An ce muku na miƙe a gaban Turawa a Paris na kwance masa zani a kasuwa don in gaji kujerarsa. Tanti Zainabu ta Clichy-sous-Bois, ƙanwar mamanku, har yau haka take ba da labarin a wurin kowane suna da kowace gaisuwar mutuwa, kuma ba ta rasa masu sauraro, don ta fi ni iya magana nesa ba kusa ba. Ban taɓa yi mata musu ba. Yanzu da na ajiye aiki, likita kuma ya raba ni da gishiri da gardama, na ga ya kamata in rubuta muku yadda abin ya faru. Ba wanke kaina zan yi ba. Ina da laifi a cikin maganar, sai dai ba shi ne wanda ake ɗora mini ba.

Sai na fara da aikin, don a cikinku ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake yi tun safe har yamma a labo, wato ɗakin bincikenmu da ke Bron, a gefen Lyon. Kakanku masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Bai taɓa haƙa rijiya da hannunsa ba, lissafi yake yi. Tun yana da sauran baƙin gashi ya rubuta wani dogon tsarin lissafi da ake ba kwamfuta, wanda muke kira kod. Ana ɗaukar taswirar yanki a yayyanka ta ƙananan gidaje kamar na dara, kowane gida da ruwan da ke kwance a ƙarƙashinsa. Sai inji ya riƙa bin kwanaki ɗaya bayan ɗaya, yana lissafa abin da ruwan sama ya ƙara, da abin da rijiyoyi suka janye, da abin da ya malala daga wannan gida zuwa na kusa da shi. In ka bar shi ya yi ta tafiya, sai ya gaya maka yadda ƙasar za ta kasance bayan shekara hamsin. Matsalar ita ce inji ɗaya yana cin makonni kafin ya gama, in kuwa aka ƙara yawan gidajen don lissafin ya fi kyau, sai ka tsufa kana jira. Sana'ata ita ce in raba aikin ga injuna da yawa su yi shi a lokaci guda. Kamar gayya ce, a raba gona kowa ya kama nasa yanki. Bambancin kawai, a nan bayan kowane taku dole kowane inji ya tsaya ya gaya wa maƙwabcinsa abin da ke bakin iyakarsu, in ba haka ba ruwan ba zai sami hanyar wucewa ba. Akwai kuma ƙa'ida guda da ba a sassautawa: amsar da inji ɗaya ya bayar, ita injuna ɗari za su bayar. In suka saɓa, to wani ya yi kuskure.

Kakanku ne ya ɗauke ni a labon lokacin da na zo daga Damagaram da akwati guda da rigar sanyin da ba ta tare komai. Bayan shekara uku na auri 'yarsa Hadiza, mamanku. Daga ranar da aka shafa fatiha na kama kunyar suruki yadda aka koya mini a gida. Na daina cin abinci a gabansa, na daina ambaton sunansa, in ya shigo ɗaki sai in rage murya, in ya miƙo hannu sai in russuna. Ku da aka haifa a nan kuna ganin wannan wahalar da kai ce. A wurinmu ba wahala ba ce, mutum yana yin ta ba tare da tunani ba, kamar yadda yake cire takalmi a ƙofar masallaci. Shi kam kakanku ya daɗe a Faransa, abin dariya yake ba shi. Litinin ɗin farko bayan biki ya kira ni ofishinsa.

"Habu, saurara," in ji shi. "A gida ni surukinka ne, ka yi kunyarka yadda kake so. Amma nan labo ba ni da ɗiya. Nan ni da kai abokan aiki ne. Ka ji?"

Na ce, "To, Baba," idona a ƙasa.

Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "Ka gani ko? Tun yanzu ka karya."

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce ta ƙarshe kafin ya yi ritaya. Wata hukuma a Paris, ba sai na faɗi sunanta ba, za ta haƙa rijiyoyin burtsatse ga wani gari a ƙasarmu, kuma tana son sanin guda nawa ƙasar za ta ɗauka ba tare da rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye sun ƙafe ba. Kakanku ya riga ya ba su amsa da tsohon lissafinsa na inji ɗaya. Suka ce suna son a maimaita da taswira mai ƙananan gidaje kafin su sa hannu, aka sa taro a watan Yuni. Wannan shi ne aikina. Na raba kod ɗinsa, na fara gwaji da kaka. Inji ɗaya ya ba da amsarsa ta kullum. Injuna huɗu suka ba da ruwa fiye da haka kaɗan. Sha shida suka ƙara. Da na kai sittin da huɗu, yankin da na san ko aduwa da ƙyar take rayuwa a cikinsa ya koma fadama. Wata Bafaranshiya da muke ofis ɗaya, Madam Claudine, ta leƙo ta ga taswirar ta yi shuɗi fes, ta ce in ƙara injuna ɗari kawai, mu kawar da fari daga Afirka mu huta.

Wata uku na yi ina neman kuskuren, kuma duk wata ukun a cikin abin da ni na rubuta nake nema. Na bi saƙonnin da injuna ke aika wa juna ɗaya bayan ɗaya. Na rushe aikin na sake shi sau biyu. Duk mai wannan sana'a zai gaya muku cewa a makon farko ya kamata in duba tsohon kod ɗin, don in amsa biyu suka saɓa ba a san wadda ta yi ƙarya ba sai an duba duka. Na san da haka, har ɗalibai nake koya wa. Amma tunanin cewa kuskuren zai iya zama na surukina bai ma zo mini ba, balle in kore shi. Sai wata ranar Janairu bayan azahar, na buɗe sashen da ke ƙara ruwan sama don in ga wani abu daban, idona ya faɗa kan layi guda. A can bakin taswira ta arewa, jerin gidajen ƙarshe ana zuba musu ruwan sama sau biyu. Da inji ɗaya, bakin arewa ɗaya ne tal, ƙarin ba ya da yawan da ido zai kama. Ni da na yayyanka taswirar, kowane yanki ya sami nasa bakin arewa, kowanne yana sha sau biyu. Ban ƙirƙiri kuskuren ba, haifuwa kawai na sa ya yi. Na gyara layin, na sake gwaji, inji ɗaya da injuna sittin da huɗu suka faɗi magana ɗaya. Na yi murna kamar ta minti biyar, sannan na duba amsar. Ɗan ƙarin nan da ba ya da yawa, in ya taru shekara hamsin yawa yake yi. Ruwan da ke ƙasar bai kai abin da kakanku ya faɗa wa hukumar ba. In aka haƙa rijiyoyi yadda ya ce, ƙauyukan za su wayi gari guga yana dawowa da yashi.

Ofishinsa ƙofa biyu ne daga nawa. Sau uku na je a makon nan. Na farko na gaishe shi na tambayi ciwon gwiwarsa. Na biyu na ce makullin ɗakin takardu nake nema. Na uku na tsaya a bakin ƙofa, ya ɗago kai ya ce, "Ina jinka," na ce babu komai. Kada ku ɗauka tsoronsa nake ji. Mun sha yin gardama da Faransanci a kan wace hanya ta fi sauri, har in ce masa ban yarda ba. Amma in dubi uban matata in ce masa abin da ya gina sunansa a kai tun kafin in zo ƙasar nan yana da ɓaraka, wannan bakina ya ƙi ɗauka, da Hausa da Faransanci duka. Na ɓoye gyararren kod ɗin a wurin da ni kaɗai ke buɗewa. Ko Madam Claudine ban gaya wa ba.

Mamanku kaɗai na gaya wa, muna kicin tana yanka albasa. Kun san ta, a Lyon aka haife ta, in tana wasa ta ce mini Malam, in ranta ya ɓaci ta kira sunana.

"Malam, ka hwaɗa mishi mana," ta ce. "Papa ba ƙwai ba ne. C'est son métier, aikinshi ne. Zai yi hushi kwana biyu ya wuce."

Na ce ba a yin haka.

"To ni in hwaɗa mishi gobe. Minti ɗaya ne."

Na ce wannan ya fi muni. 'Ya ta ɗauko kuskuren ubanta daga bakin mijinta ta kai masa, ina zan sa fuskata? Na sa ta yi mini alkawari ba za ta taɓa maganar ba.

Ta ajiye wuƙar ta dube ni. "Habu, wallahi ku da al'adunku kun isa. D'accord, na yarda. Amma ka yi wani abu."

Ta cika alkawarin, kuma na san har yau tana jin haushin kanta a kan haka. Ni kuwa na yi abin da ake yi a gida in magana ta yi nauyi tsakanin mutum da surukinsa: na nemi babba ya kai ta. Babban da ya dace shi ne Alhaji Tanko, mai shagon shadda da turare a Belleville, mutumin Maraɗi kamar kakanku, abokinsa tun suna yara, kuma shi ne waliyyin mamanku ranar ɗaurin aure. Na hau jirgin ƙasa ran Asabar da safe, na sauka Paris, na kama metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa shagonsa. Muka gaisa yadda ya kamata, gida da iyali da sanyi da kasuwa da mutanen Lyon ɗaya bayan ɗaya, aka kawo shayi, muka sake gaisawa. Sai da aka yi zagaye na biyu na shayin na shigo da maganar. Na ɗauka zan sha wahala kafin ya gane, sai na jawo bandir ɗin shadda na nuna masa da awo: a ce mai awo duk sanda ya zo bakin yadi sai ya ƙirga kamun ƙarshe sau biyu.

"Na gane," in ji Alhaji. "In bandir guda ne, ba mai lura. In ka yayyanka shi turmi-turmi, kowane turmi da nashi ƙari. To wa ke awon?"

Na mai da idona kan kofin shayi.

"Lawali?"

Na ce wataƙila. Na ce mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba, injunan nan ma wani lokaci sukan saɓa, ni dai na ga ya kamata Baba ya ɗan sake dubawa in ya sami sarari kafin taron. Ina da tabbacin abin da na gani kamar yadda nake da tabbacin sunana, amma haka na faɗa, don haka ake faɗa.

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ɗana, ka yi hankali da ka zo wurina. Bar mini. Ni na san yadda ake shiga wurin Lawali."

Na koma Lyon da yamma jikina sakayau, kamar na sauke buhu. Bayan kwana goma kakanku ya shigo ofishina, abin da ba ya yawan yi. Ya dafa kafaɗata.

"Alhaji ya yi mini magana," ya ce. "Na ji. Kar ka damu kanka, na san abin da zan yi a Paris."

Kwamfutata a kunne take, layin yana nan, taku ɗaya tsakaninsa da idonsa. Na ce, "Na gode, Baba." Ya fita. A fahimtata magana ta ƙare: babba ya ji, ya karɓa, zai gyara a ɓoye, kuma ladabi shi ne kada wanda ya sake tayar da ita. Haka na ga ana yi a gidanmu tun ina yaro. Da na gaya wa mamanku sai ta tambaye ni ko ya nemi in ba shi gyararren kod ɗin. Na ce a'a. Ta tambaya ko na ga ya sa inji ya sake lissafin. Na ce manya ba sa nuna irin wannan. Ta ce, "Bon, shi ke nan," ta ci gaba da abin da take yi. Ni ma a can ƙasan raina na lura cewa wata huɗu sun wuce bai nemi ko awa guda a kan injunan ba. Na lura, na kau da kai, don amsar da nake so na riga na samu.

Abin da Alhaji ya faɗa masa kuwa, sai daga baya na ji. Ya kira shi a waya, suka gaisa, suka yi hirar mutanen da suka mutu a Maraɗi, sannan ya ce masa yaron nan Habu ya zo yana cikin damuwa, injunansa sun ƙi jituwa, aikin bai nuna ba, yana jin kunyar faɗa, a yi masa haƙuri, kuma in da hali a ɗan sake duba lissafin gaba ɗaya. Ni na rage wa maganar kaifi kafin in ba shi, shi ma ya rage nasa kafin ya miƙa. Abin da ya isa kunnen kakanku shi ne surukinsa ya kasa aiki kuma yana neman a rufa masa asiri.

Ranar taron muka tafi Paris tare. Ɗaki ne mai dogon tebur a hawa na huɗu, da injiniyoyin hukumar, da wakilai biyu daga gida cikin manyan riguna. Kakanku ya sa kwat da hularsa ta saƙa. Na zauna can baya kusa da taga. Aka rage fitila, ya haska taswira a bango, na duba na ga tsohuwar ce, da tsohon adadin rijiyoyi a ƙasanta, ba a taɓa ko ɗigo ba. Ya yi bayani kusan awa guda, kuma ya yi shi da kyau, don a iya tsayawa gaban mutane ban ga kamarsa ba. Da ya gama, wani injiniya mai furfura ya juyo yana nemana da ido. Duk da Faransanci ake maganar, zan ba ku ita da Hausa.

"An ce mana an maimaita lissafin a kan injuna da yawa. Malam Habu, amsa ɗaya kuka samu?"

Kafin in buɗe baki kakanku ya amsa, a hankali, da murmushi. Ya ce wannan sashen bai kammala ba tukuna, aiki ne mai wuya, injunan ba su riga sun jitu ba, kuma ba laifin kowa ba ne, matashi ne mai ƙoƙari, a ba shi lokaci. Kare ni yake yi. A gaban baƙi ya shimfiɗa mini rigarsa, a kan laifin da ba ni da shi.

Injiniyan ya ce, "To shi ke nan, sai mu sa hannu a kan wannan adadin. Da damina ta wuce za a fara haƙa."

Aka turo takardar tsakiyar tebur, wani ya cire murfin biro. Ba zan ce muku na yi wani dogon tunani ba. Na dai san irin ƙauyukan nan, a irinsu na girma, na san abin da ake nufi in an ce rijiya ta ƙafe a watan bazara. Na miƙe. Na ce injunan sun jitu. Na ce akwai layi guda a tsohon kod da ke ƙirga ruwan sama sau biyu a bakin arewa, in an gyara shi ruwan bai kai haka ba, kuma adadin da ke bango ya yi yawa. Jimla huɗu ko biyar ce duka. Wakilan gida suka sunkuyar da kai, don su sun san ko wane ne ni a wurinsa.

Kakanku bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun Janairu."

Ya gyaɗa kai, ya rufe takardunsa, ya juya ga mutanen ya ce kada su sa hannu, in abokin aikinsa ya ce akwai kuskure to akwai shi, a ba mu mako biyu. Ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya. A jirgin komawa Lyon ya shiga wani tarago daban.

Kwana uku ban gan shi ba. Ran Litinin da hantsi ya shigo ofishina, ya roƙi Madam Claudine ta ba mu wuri, ya rufe ƙofa, ya jawo kujera kusa da tawa.

"Nuna mini," ya ce.

Na buɗe kod ɗin, na gangara zuwa sashen ruwan sama, na sa bakin biro a kan layin. Ya matso da fuskarsa, ya karanta, ya koma sama layi uku ya sake gangarowa. Na ga leɓensa yana motsi.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Baba."

Ya dubi agogon hannunsa. "Minti biyu bai cika ba," ya ce. Sannan ya ci gaba da Hausarsa ta Maraɗi, wadda bai saba yi mini a labo ba. "Kure kowa shina yi. Wanga layi ni na rubuta shi, ni ka ɗaukar shi, ba ya ba ni kunya. Amma wata biyar, Habu. Wata biyar kana gaishe ni kowace sahiya kana tambayata gwiwa. Ka tahi har Belleville ka ɗauko mai saida shadda ya koya mini lissahina. Ka bar ni na tsaya gaban mutane ina ruhwa maka asiri kamar wawa. Mi na yi maka?"

Na ce ban iya ba ne, kunya ce.

"Na sani," ya ce. "Ni na ɗauka ina da abokin aiki ƙohwa biyu daga tawa. Ashe suruki ne."

Ya mai da kujerar inda ya ɗauko ta, ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Sauran abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Shi da kansa ya rubuta wa hukumar sabon rahoto, aka rage rijiyoyin. Ya bi duk inda ya taɓa wallafa sakamakon tsohon lissafin ya aika da gyara, kuma a kowace takarda ya rubuta cewa ni na gano kuskuren. Kujerarsa da ake cewa na nema, wani Bafaranshe aka ba, ban ma sa takardata ba, a ofishin da na fara a nan na ƙare. Alhaji Tanko da na je masa bai ga abin da ya ɓata ba. Ya ce, "Ni in ce ma Lawali ya yi kure? Tare aka yi muna kaciya hwa. Na ba shi hanya, shi ne bai bi ba." Ban ji haushinsa ba, don abin da na kai masa shi ya juya ya miƙa. Tanti Zainabu kuwa daga bakin ɗaya daga cikin wakilan nan ta ji labarin, kuma abin da wakilin ya gani gaskiya ne: suruki ya miƙe a gaban Turawa ya ƙaryata uban matarsa. Watannin da suka gabaci wannan ranar ba wanda ya gan su sai ni da mamanku.

Kakanku ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Bai taɓa yi mini faɗa ba, bai taɓa ɓata sunana a wurin kowa ba. Ya zo sunan kowannenku, ya ɗauke ku, ya yi muku addu'a. Abin da ya canza guda ɗaya ne. Mutumin da ya shekara yana yi wa kunyata dariya, shi ya ɗauke ta ya riƙe, kuma ya fi ni iya ta. Ya daina cin abinci in ina wurin. In na shiga falo sai ya gyara zama ya amsa gaisuwa a taƙaice, idonsa a gefe. Ya daina kiran sunana, na koma mijin Hadiza. Duk abin da zai gaya mini sai ya bi ta bakin mamanku. Ko da ya zauna a gida ya koma karatun yadda ake raba lissafi ga injuna, don bai iya zama haka nan ba, in tambaya ta cije masa sai ya rubuta ta a takarda ya ba ta, ta hau tram, jirgin cikin gari, tasha uku ta kawo mini, in rubuta amsa ta mayar. Tambayoyi ne masu kyau, irin waɗanda da a ce muna zaune tare da mun yini a kansu. Na yi kewar gardamarsa fiye da yadda zan iya faɗa muku. Sau biyu na yi niyyar in je in zauna gabansa in ce ya yafe mini mu koma yadda muke, sau biyun na gaishe shi na tashi.

A makonsa na ƙarshe yana asibiti a Lyon, muka je da mamanku da la'asar. Ya rame ƙwarai, amma hankalinsa garau. Na gaishe shi, ya amsa. Mamanku ta zauna a kujerar da ke gefensa ta riƙe hannunsa, ni na tsaya wajen ƙafafunsa. Suka yi maganar magani da ta abinci da ta ku. Da lokacin tafiya ya yi, ya juya kansa a kan matashi ya dube ta.

"Ki ce ma mijinki na gode da ya zo," ya ce.

Ina tsaye a bakin gadon, hannuna a kan ƙarfensa. Ta juyo, idonta cike da hawaye, ta faɗa mini.